'Yan Gulmar Ƙoda

Ƙwaya biyar nake haɗiya kafin in ɗaura takalmi:
farare biyu, ja ɗaya, wata kamar tsabar gero,
sai wadda ke korata banɗaki
tun bas ba ta bar gareji ba.
Duk da haka na'ura ta shaƙe min dantse,
ta ja tsaki, ta ce ɗari da tamanin da shida.
Kamfani ya karɓi makullinsa.

Sheffield garin hawa ne.
Shekara sha tara ina haurawa da mutane tudun Crookes,
ashe jinina ma ya haddace hanyar.
Ya hau, ya ƙi gangarowa.

Uwani ta ɓoye gishiri, ta rabar da magi,
miya ta koma lami kamar gaisuwar mai bin bashi.
A banza.

Likita Pritchard ta zana min ƙoda a bayan ambulan,
wake biyu suna kallon juna.
Ta ce akwai siraran jijiyoyi
da suka nannaɗe hanyar jinin kamar yaɗo,
ba su da aiki sai kai da kawo.
Su je wa ƙwaƙwalwa da labarin gobara,
su dawo su ce wa ƙoda,
riƙe ruwa, riƙe gishiri, fari na tafe.
Na ce a garinmu sunan wannan gulma.
Ta ce to, harshensu za mu ƙona.
Ta ƙara da cewa ba ta yi min alkawari ba.
A nan na yarda da ita.

Ranar Talata, rigar da ba ta rufe baya.
Ba wuƙa. Huda ɗaya a matsematsi,
aka zura bututu siriri kamar tsinken tsintsiya,
ya bi jini yana haurawa
yadda nake bin titin da babu wurin juyawa.
A allo na ga cikina,
itacen da ba ganye, baƙi a kan toka-toka.
Shekara hamsin da huɗu muna tare
ba mu taɓa gaisawa ba.

Wani nas, Dafydd, ya ce zan ji zafi a baya.
Na ji.
Kamar an manta dutsen guga a ƙuguna,
a ɗaga, a matsa gaba, a sake ajiyewa.
Maganin barci ya kwashe rabin lissafina,
na ga Baba Zailani a bakin rijiyarmu ta Funtuwa,
guga a hannu, bakinsa ya karkace,
ranar da ɓarin jikinsa ya riga shi tafiya.
Ba wanda ya taɓa auna shi.
An ce iska ce.

Suka ce har na yi magana.
Wai na tambayi likita,
ita jijiyar da ke zabura
in waya ta yi ƙara daga gida ƙarfe uku na dare,
ta wace kafa ake zura mata bututu?
Dafydd ya ce ba ta amsa ba.

Awa huɗu a miƙe, an hana ni naɗe ƙafa.
Uwani na jan carbi,
tana satar kallon lambobin da ke saman kaina
kamar mai jiran sakamakon ɗanta.

Gulma ba ta mutuwa rana ɗaya.
Sati biyu shiru. Wata guda, ɗan sassauci.
Da ganyen bishiyoyin unguwarmu ya fara zuba
na'ura ta ce ɗari da arba'in da takwas.
Na sake aunawa, don ban saba ta yi min ladabi ba.

Yanzu ƙwaya huɗu ce.
Gishiri dai yana inda ta ɓoye shi,
na san wurin, ban taɓa ba.

Jiya aka mayar min da makulli.
A kan tudun Crookes wata tsohuwa ta danna ƙararrawa,
na tsaya, ta sauka a hankali, ƙafa bayan ƙafa.
Ban ƙosa ba.
Na saki birki, muka gangara.